Na Rubuta Fari, Ya Fito Ja

Litinin, 3 ga wata, 4:20 na yamma

Mun dawo gida daga aikin ido. Matata Malama na ɗaki, ta kife a kan gado kamar wadda ta yar da allura tana nema. Haka likita ya ce: kwana goma fuska na kallon ƙasa, ko ci, ko sha, ko barci, don iskar da suka sa mata a cikin idon dama ta danne wurin da aka gyara. Ba karatu, ba waya, ba kwamfuta. Idon hagu kuwa tun tana yarinya inuwa kawai yake gani. Na daman ne duk abin da muke da shi.

Na sayi wannan littafin a bakin asibiti don in riƙa rubuta lokacin ɗiga magani. Shekara talatin da ɗaya ina gyaran agogo, ban taɓa rubuta abin da ya wuce lambar agogon mutane ba. Amma takardun littafin sun yi yawa, ga shi gidan ya yi tsit.

Likita ya tsayar da ni a baranda ya yi min wata magana. Na ji. Ba sai na rubuta ba.

Ita kuwa ba idon ne ya dame ta ba, shafinta ne. Tun da ta yi ritaya daga koyar da lissafi ta gina shafi a intanet da hannunta, tana sa darasi da Hausa don manyan da lissafi ya kayar a jarrabawar gama sakandare, suka dawo za su sake gwadawa. Direbobi, teloli, masu gadi. Litinin, Laraba da Juma'a take sa darasi, ba ta taɓa fashi ba sai yau. Jarrabawarsu saura kwana ashirin da huɗu.

Daga ƙarƙashin matashi ta ce, "Mai Agogo, kai za ka zama hannuna."

Na ce ni da kwamfuta sai gaisuwa daga nesa. Ta ce mutumin da ke ɗaura ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba, ba zai ce mata ba zai iya danna maɓalli ba. Tana kife ma ba a cin ta a gardama.

Laraba, 5 ga wata, 11:05 na safe

Ashe shafin intanet kamar agogo yake, akwai fuska, akwai ciki. Cikin nan cike yake da 'yan alamomi masu tsini, ɗaya na kallon hagu, ɗaya na kallon dama. In kana son kalma ta yi kauri, sai ka sa harafin b a tsakaninsu kafin kalmar. In ka gama, ka sake sa shi da karkatacciyar sanda a gabansa. Buɗewa da rufewa ke nan. Burauza, wato manhajar da ke buɗe shafi a waya ko kwamfuta, ita ke karanta alamomin ta zana fuskar.

Tana faɗa ina bugawa da yatsa ɗaya. Awa biyu da minti goma. Na aika.

Kan darasin kawai ake so ya yi kauri. Sai ga shafin gaba ɗaya ya fito baƙi ƙirin, har lambar wayarta da ke can ƙasa. Ba a yi minti ashirin ba Sajan ya kira. Tsohon soja ne mai gadi a wata ma'ajiyar kaya, karo na uku ke nan zai zauna jarrabawar. Ya yi gaisuwa, ya tambayi jiki, sannan ya sassauta murya ya ce ko Malama fushi take da su ne, don ya ga yau tsawa take yi tun daga sama har ƙasa.

Ta yi dariya har gado na motsi. Na ce ta bari, ban tambayi likita hukuncin dariya ba. Ta ce ban rufe b ɗin ba ne.

Na ce to ai agogo in ka manta ƙusa ɗaya tsayawa yake, ka san akwai matsala. Wannan me ya hana ta tsayawa? Ta ce burauza ba ta ƙorafi. In ka buɗe ba ka rufe ba, sai ta ɗauka haka kake so, ta yi ta jan kaurin daga sakin layi zuwa sakin layi har rubutu ya ƙare. Wai da za ta tsaya a kan kowane kuskure, rabin shafukan duniya ba za su buɗu ba.

Ni dai na ce wannan biyayya ta yi yawa.

Alhamis, 6 ga wata, 2:00 na rana

Ta ci rabin faranti. Na cinye nawa da sauran nata. Lafiya lau.

Juma'a, 7 ga wata, 12:40 na rana

Yau na so in burge ta, na sha kunya.

Malama na da wata dabara: amsoshin tambayoyi da farin rubutu take sa su a kan farin shafi, ba mai ganinsu sai ya gama aiki ya shafa wurin da yatsa. A inda ake faɗin launi na ga kalmar Turanci. Na ce shafin Hausa ne, me ya kawo Turanci? Na goge na rubuta "fari". A wurin gargaɗi kuma na rubuta "ja".

Amsoshin nan goma suka fito jajawur, ana hango su daga bakin ƙofa. Gargaɗin kuwa ya fito baƙi. Don neman magana na gwada rubuta "baƙi", shi ma ya ba ni ja.

Na je na faɗa mata kwamfutarta ta samu taɓuwa. Ta sa na maimaita sau biyu, ta yi lissafi da yatsu a jikin katifa, sannan ta ce daidai ne. Burauza ba ta jin Hausa, amma ba za ta taɓa cewa ba ta ji ba. Launi a wurinta lambobi ne, kuma tana ƙirga haruffa daga a zuwa f a cikin lambobi. Sai ta tsince waɗannan, sauran ta mai da su sifili. "Fari" ya zama f, a, sifili, sifili, kuma a lissafinta wannan ja ne.

Na ce ina da wani kawu mai irin wannan hali. Ba ya jin magana sosai, amma duk abin da ka ce sai ya gyaɗa kai ya tafi ya aikata nasa.

Sajan ya turo saƙo: yau ya ci goma cikin goma, Allah ya saka da alheri.

Asabar, 8 ga wata, 5:15 na yamma

Yaya ta iso, yayar Malama, da jaka uku da ra'ayi ɗari. Kafin ta cire takalmi ta sauya wa cokula wuri. Ta ce na rame, ta ce ɗakin girki kamar an yi yaƙi, ta ce wa ya koya min ninke zanin gado haka.

Amma ta yi abin da ban yi tunani ba. Ta shimfiɗa tabarma a ƙasa, ta sa ƙanwarta ta leƙo da kai daga bakin gado, ita kuma ta kwanta rigingine a ƙarƙashinta, fuska da fuska, suna ta hira. Matan nan biyu, kowacce ta haura sittin. Daga falo ina jin suna tsegumin mutanen da suka rasu shekara ashirin da suka wuce. Rabon da in ji muryar Malama haka tun kafin mu je asibiti.

Litinin, 10 ga wata, 10:30 na safe

Na sauya salon rubutu zuwa wani mai kyau, siriri, irin na fuskar agogo mai tsada. Ashe shi ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. Burauza ba ta ce uffan ba, ta je ta aro ƙ da ɗ da ɓ daga wani salon ta cusa. Suka fito zaƙo-zaƙo, sun fi kowa tsawo, kamar wanda ya kutsa cikin hoton da ba nasa ba. A tsohuwar wayar Sajan ko na aron babu, sai ɗan akwati. Ya kira yana tambaya nawa ne "hu, akwati, u".

Na ce huɗu ne, Sajan. Na mayar da salon Malama yadda na same shi.

Laraba, 12 ga wata, 1:10 na rana

Darasi ya tafi ba ƙorafi. Yaya ta ce kaina ya fara girma. Gobe asibiti.

Alhamis, 13 ga wata, 3:45 na yamma

Likita ya duba ya daɗe. Bai yi murmushi ba, bai kuma ɓata rai ba. Ya ƙara kwana bakwai.

A mota ba wanda ya samu abin kushewa. Yaya ma.

Juma'a, 14 ga wata, 6:05 na yamma

Darasin Laraba da na yi alfahari da shi, ashe a nan ɓarnar take.

Tambaya ta biyar: uku mai ɗan ƙaramin biyu a kansa, a tara da huɗu. Wato uku sau uku, tara, da huɗu, sha uku. Akwai alamar da ke ɗaga ɗan biyun sama ta ƙanƙanta shi. Na buɗe, ban rufe ba. Sai burauza ta ɗaga biyun, ta ɗaga alamar tarawa, ta ɗaga huɗun, duk suka hau kan ukun suka zauna. Ni ido bai nuna min komai ba, lambobin dai duk suna nan. Amma tambayar ta zama wata daban, ga shi a ƙasa amsa na cewa sha uku.

Mutum goma sha biyu suka kwana biyu suna neman sha uku a inda babu ita. A cikinsu akwai wata tela mai 'ya'ya biyar. Da safe ta turo saƙo, na karanta wa Malama ban san abin da ke ciki ba. Ta ce ta gode da ɗawainiya, amma ta haƙura. Ta yi sau tara ba ta samu ba, ta gane kanta ba ya ɗauka, gara ta koma kan kekenta.

Malama ta sa na karanto mata cikin shafin alama bayan alama. Da muka zo wurin ta ce, "Launi wasa ne, Mai Agogo. Wannan ba wasa ba ne. Shekara biyu ina lallashin matar nan kafin ta yarda ita ba daƙiƙiya ba ce."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta ƙara da cewa da idonta na nan da hakan bai faru ba, sai kuma ta cusa fuska a matashi, don ta ji abin da ta faɗa.

Na tafi shago. Na buɗe agogon wani, na dube shi, na rufe. Ban san abin da ke damunsa ba.

Asabar, 15 ga wata, 4:30 na yamma

Na nemo shagon telar, Sajan ne ya kwatanta min. Ɗan ɗaki ne a bayan kasuwa, keke biyu, yadi har rufi. Na gabatar da kaina a matsayin mijin Malama kuma mai laifi. Na ce ta nuna min abin da ta samu.

Ta jawo littafin awon kwastomomi. A bayansa, tsakanin faɗin kafaɗa da tsawon hannun riga, ga lissafi shafi uku. Sau tara ta yi, sau tara tana samun ɗari bakwai da ashirin da tara.

Na kira gida, Yaya ta kara wa Malama wayar a kunne. Malama ta ce uku a ninka shi da kansa har sau shida, ɗari bakwai da ashirin da tara ne cif. Tambayar da na ba su bisa kuskure ta fi tata wuya nesa ba kusa ba, kuma a cikin mutum goma sha biyu telar ce kaɗai ta ci ta.

Matar nan ta zauna a kan tulin yadi. Ta ce, "Wato ni ce daidai, shafin ne ya yi ƙarya?"

Na ce ba shafin ba ne, ni ne. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma in ƙara kula, don saura kaɗan ta ba yara littattafanta su yi jirgin takarda.

Lahadi, 16 ga wata, 9:20 na safe

Malama ta ce shayin da na haɗa ya fi na Yaya. Ƙarya ce, amma na karɓa.

Litinin, 17 ga wata, 12:55 na rana

Yanzu kafin in aika sai na karanta fuskar shafin da ƙarfi, Yaya na riƙe da takardar da na rubuta daga bakin Malama tana bi. Ita ta kama na yau: rabin tambaya ta uku ya ɓace, daga nan kuma komai ya yi kauri har ƙasa. Na duba, ban buɗe b ko ɗaya ba.

Malama ta samu barci, na hana a tashe ta. Na yi yadda nake wa agogo: cire abu ɗaya, duba, mayar, cire na gaba. A layi na sha huɗu na kama shi. Tambayar na cewa harafin a bai kai harafin b ba, kuma alamar "bai kai ba" a lissafi ita ce dai alamar nan mai tsini da ake buɗewa da ita. Burauza ta ga tsini, ta ga b, ta ce an ba ta umarni. Ta haɗiye duk kalmomin da ke biye har ta ci karo da ɗaya tsinin, sannan ta shiga kaurara sauran.

Ban san maganin ba, sai na rubuta "bai kai" da kalmomi. Da ta farka na ba ta labari. Ta ce akwai yadda ake rubuta alamar, za ta koya min, amma ita sai da ta yi mako guda kafin ta gano wannan a shekararta ta farko.

Na fita tsakar gida na yi ɗan zagaye. Yaya ta leƙo ta taga ta ce kan ya ƙara girma.

Talata, 18 ga wata, 5:40 na yamma

Yaya ta fita sayen sabulu. Ina ɗiga magani Malama ta ce me likita ya faɗa min a baranda ranar farko.

Na ce ba komai. Ta ce shekara talatin da biyar tana jin "ba komai" ɗina, ta san mai komai da marar komai.

Na faɗa mata. Maganar ba ta fi layi ɗaya ba, ana iya samun idon, ana iya rasa shi. Ta ce ai ita ya faɗa wa tun kafin a shiga da ita ɗakin tiyata, har ta sa hannu a takarda, ta kuma roƙe shi kada ya gaya min don ta san ba zan ci abinci ba. Kwana goma sha biyar ina ɓoye mata abin da take ɓoye min.

Na ce ai kuwa na ci abinci. Ta ce ta sani, tana jin ƙarar cokali a farantinta.

Na zauna a ƙasa a kan tabarmar Yaya. Mun daɗe a haka.

Alhamis, 20 ga wata, 2:25 na rana

An ce ta ɗaga kai. Wuyanta ya ƙi, sai da Yaya ta gasa mata da ruwan zafi. Ta ce tana ganin haske a sama, duhu a ƙasa, da layi a tsakani yana rawa kamar ruwa a kofi. Likita ya ce haka ake so, layin zai yi ta sauka. Iya inda zai tsaya ne bai faɗa ba.

Asabar, 22 ga wata, 8:00 na safe

Layin ya sauka kaɗan, in ji ta. Ban sani ba ko don ni take faɗa.

Laraba, 26 ga wata, 11:30 na safe

Darasin ƙarshe. Ba lissafi a ciki. Ta ce su yi barci da wuri, su tafi da fensir biyu, kada su tsaya kokawa da tambayar da ta ƙi, su wuce su dawo. Na buga cikin minti talatin da biyar, da yatsu huɗu. Duk abin da na buɗe na rufe, na ƙirga sau biyu.

Alhamis, 27 ga wata, 4:50 na yamma

Sun fito. Sajan ya zo har gida da ledar lemo, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙame ya sara wa Malama. Ya ce ya amsa talatin da takwas cikin hamsin, sauran kuma ya yi musu irin na burauza, ya cika da abin da ya ga dama. Telar ta kira ta ce ta gama kafin lokaci har ta tsorata. Sakamako sai bayan wata biyu.

Litinin, 31 ga wata, 3:15 na yamma

Likita ya ce gyaran ya kama. Ba duka zai dawo ba, gefe ɗaya ya tafi ke nan, amma za ta yi karatu da tabarau, za ta ga hanya, za ta ga mutane. Na gode masa sau uku, na nemi in ƙara Yaya ta ja ni.

Mun raka Yaya tasha. Ta bar min jerin dokokin ɗakin girki a manne a bango.

Da muka dawo Malama ta zauna a falo kusa da taga, ta ce in matso. Na matso. Ta ce in ƙara. Ta rufe idon hagu da tafin hannu ta daɗe tana kallona, ni kuma na tsaya kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Na ɗauka wata babbar magana za ta yi.

Ta ce, "Wa ya ɗinka maka wannan maɓallin da koren zare a farar riga?"

Na ce ni ne, tun makon jiya, shi kaɗai na samu.

Ta ce in ɗauko mata allura. Na ce likita ya ce banda allura sai wata mai zuwa. Ta yi tsaki, ta gyara zama, ta nuna min kujerar kusa da ita.

"To ɗauko farin zare ka zauna. Ni zan duba, kai ka ɗinka."